Rikoda, Waya ko Ɗan Littafi: Me Ya Kamata Mai Kallon Tsuntsaye Ya Riƙe a Zariya?

Wani ƙanena, ɗan ƙanin babana, da ke karatun ilimin dabbobi a Samaru, ya tare ni bayan sallar Juma'a da wata tambaya. Ya tara 'yan kuɗinsa, kuma an gaya masa wai masu kallon tsuntsaye na gaske rikoda suke riƙewa a daji, sun daina biro da takarda, don haka yana so in faɗa masa wadda zai saya. "Yaya, suna kawai nake so, gobe in shiga Sabon Gari," in ji shi. Na ce masa suna ba shi da wuya, amma ya fara gaya mini muryar wa zai ɗauka, tasa ko ta tsuntsun. Ya tsaya yana kallona. Ashe bai taɓa raba biyun ba. Ban yi masa dariya ba, domin ni ma sai da kuɗina suka yi ciwo kafin na gane.

Aiki biyu ne, kowanne da hanyarsa. Na farko shi ne ka ga abu ka faɗa da bakinka don kada ka manta: tsuntsu kaza, guda nawa, a ina, yana me. Wannan rubutu ne da baki, kuma masu takara da rikoda a nan su ne ɗan littafin aljihu da waya. Na biyu shi ne ka ɗauko kukan tsuntsun kansa ka kawo gida, don ka gane shi daga baya ko ka kafa hujja da shi. Sau da yawa na'urar da ta ƙware a na farkon ita ce ke ɓata na biyun, domin an gina ta ne ta tace duk abin da ba muryar ɗan Adam ba.

Littafin da ake son a yar

Zariya tana da tarihi a wannan fanni wanda yawancinmu ba mu sani ba. A shekarun 1960 wani Bature mai suna Hilary Fry yana koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma shi ya fara shirya mujallar ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Najeriya da aka kafa a 1964, mujallar da a 1979 ta rikiɗe ta zama Malimbus, ta Afirka ta Yamma baki ɗaya. A nan kewayen Zariya ya yi shekaru yana bin wani koren tsuntsu mai jan maƙogwaro, mai cin ƙudan zuma, wanda ke haƙa rami a gaɓar kwarin da ruwa ya zaizaye, har ya nuna cewa ba uwa da uba kaɗai ke ciyar da 'ya'yan ba, akwai 'yan taya reno. Abin da ya sa yau za a iya ɗauko aikin nan a auna shi da abin da muke gani shi ne an rubuta shi, da rana da wuri da adadi. Mu da muka tashi muna ganin ungulu a kan kowace mahauta, wa ya taɓa ƙirga su? Yanzu ga shi tun 2015 an sa ta a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, mu kuwa abin da muke da shi a hannu bai wuce "da can suna da yawa" ba.

Littafi ba ya neman caji, ƙurar hunturu ba ta dame shi ba, kuma ɓarawo ba ya yi masa kallo biyu. A haɗa shi da fensir, domin fensir na rubutu a takarda mai laima, biro kuwa sai ya ƙi. Inda ya fi kowa shi ne zane. Ko ba ka iya zane ba, yi ƙwai biyu, babba jiki ƙarami kai, ka ja kibiya ka ce nan fari, nan ja, baki ya lanƙwasa ƙasa. Babu rikodar da za ta yi maka wannan. Bayan shekara biyar kuma ka buɗe shafi ka ga abinka nan take, ba sai ka zauna sauraron komai ba.

Aibinsa ɗaya ne, amma babba: yana cin ido. Kafin ka rubuta layi guda sai ka sauke madubin hangen nesa, ka duƙar da kai, ka lalubo fensir, kana ɗagowa abin da kake siffantawa ya shige cikin dawa. Taura biyu ba ta taunuwa. Da asubar Janairu kuma, lokacin da sanyi ya ƙage yatsu, rubutun da za ka yi kai kanka ba ka iya karanta shi da rana. Da dare kuwa, in kana bin yautai ko mujiya, dole ka kunna tocila, tocilar ta kashe maka ganin duhu, ta kuma kori abin da ka zo nema.

Ƙaramar rikoda ta aljihu

Ina nufin irin wadda 'yan jarida ke miƙa wa mai magana, ɗalibai kuma ke ajiyewa a gaban malami. Sony tana da su, kamar ICD-PX470 mai cin ƙananan batura biyu na AAA, da bakin USB a jikinta da ake turowa a soka a kwamfuta. Olympus ma a da ta daɗe tana yin irinsu. Abin da nake so a jikinta shi ne maɓalli na gaske, wanda babban yatsa ke lalubowa ba tare da ido ya taya shi ba. Tana aljihun gaban riga, ka danna, ka yi magana ƙasa-ƙasa, ka sake dannawa, idonka bai bar tsuntsu ba.

Ranar da na san darajarta a bakin dam ɗin Kubanni ne, da rani, ruwa ya ja baya ya bar taɓo. Garken kirinjijiya na tsaye a tsallake, wuya a miƙe, fuskoki farare, sai zakaran ƙeƙuwa ya hango ni ya fasa ƙarar nan tasa ta tonon asiri. Kafin in gyara tsayuwa duk sun tashi, suna fito sau uku-uku yadda suka saba. Da littafi ne a hannuna, da "masu yawa" zan rubuta in rufe. Amma ido na cikin madubi, baki na ƙirga goma-goma, har suka karya kwana ta bayan itatuwa. A ƙarshen layin na hango wasu manya biyu baƙaƙe masu fari a ƙirji, na ce "kamar dinya, a'a tsaya, e dinya ce, biyu". Da na dawo gida na saurara, sai na ji har inda na yi kokwanto na gyara. Kokwanton nan ma bayani ne. A littafi mutum yakan rubuta hukuncin da ya yanke kawai, ya baro shakkarsa a daji, bayan shekara ya rantse ya gani sarai.

Haka ma wajen siffanta baƙon tsuntsu. Ka fara daga baki ka gangara zuwa wutsiya, kana faɗa yana gabanka: tsawon baki, launin ido, ko akwai gira, ƙirji zane ne ko ɗigo, ƙafa wane launi, yana tsalle ne ko yana taku. Abin da hannu zai yi minti uku yana rubutawa, baki ya gama shi kafin tsuntsun ya sauya reshe. Kuma a faɗa kafin a buɗe littafin hotunan tsuntsaye, domin da zarar ido ya ga hoto ƙwaƙwalwa takan fara ciko, ta ba tsuntsunka farar girar da ba shi da ita.

Akwai wata ribar da ban yi tsammani ba. Wata safiya a fadamar Galma, ta wajen Dakace, ina tsugune ina yi wa aljihuna raɗa, sai na ji gyaran murya a bayana. Wani dattijo ne da fartanya a kafaɗa. "Malam, lafiya dai ko? Da wa ake zance?" Na miƙe na gaishe shi, na ciro rikodar na nuna masa, na ce, "Baba, tsuntsaye nake ƙirgawa, wannan ita ce takardata." Ya yi dariya har ya dafa fartanyar, ya ce shi ya ɗauka mutanen ɓoye ne suka tare ni da sassafe. Daga nan zance ya buɗe. Na roƙi izininsa na kunna, ya shiga jero mini: wancan mai jan fiffike da ke rarrafe cikin ciyawa ragon maza ne, kukansa kamar ana tsiyayar da ruwa daga gora, wancan shuɗin da ke kan busasshen reshe tsanwaka, shamuwa kuwa in ta sauka a gari, a fara gyaran iri. Sunaye biyu cikin waɗanda ya faɗa ban taɓa jin su ba. Da rubuta su na yi, da na zubar da rabinsu, domin bokonmu ba ya nuna hawa da saukar murya, ba ya nuna inda aka ja wasali. Rikoda ta riƙe su yadda suka fito daga bakinsa, da Zazzagancinsa da komai. Ga mai son tattara sunayen tsuntsaye da namun daji na Hausa daga bakin manoma, maharba da makiyaya, wannan kaɗai ya isa dalilin saye. Sai dai a nemi izini tukuna. Muryar mutum ba kukan kurciya ba ce da za a ɗauka a wuce.

To, ga inda gizo ke saƙar. Duk abin da ka faɗa wa rikoda bashi ne, kuma da dare ake biyansa. Maganar awa ɗaya ba ta rubutuwa a awa ɗaya, sai ka tsayar, ka koma baya, ka sake ji. Na taɓa tara fayil na damina guda cur, kullum ina cewa ranar Lahadi zan zauna. Sa'ad da na zauna ɗin watanni sun wuce, sai na ji muryata tana cewa, "ga wani kuma a kan itacen nan na jiya." Wane itace? Wace jiya? Ƙarin abin haushi, na cire batura a tsakani, agogon na'urar ya koma farko ban lura ba, duk kwanakin da ke jikin fayilolin suka zama ƙarya. Abin da na iya cetowa bai cika shafi biyar ba.

Tun daga nan na kafa wa kaina doka. Fayil na farko a kowace fita shi ne rana da wata da shekara, ƙarfe nawa, sunan wuri irin wanda wani zai iya nemowa, da yanayin sama: "Asabar, kaza ga wata, ƙarfe shida da kwata, gindin Kufena ta gabas, hazo, iska kaɗan, ni kaɗai." Kowane gani da nasa fayil, gajere, a fara da suna da adadi, surutu ya biyo baya. Ba na barin ta a kunne tun daga fita har dawowa. Akwai wani tsari a cikinsu da ke sa na'ura ta kunna kanta in ta ji murya. Na kashe shi, domin yakan cinye kalmar farko, kalmar farko kuwa ita ce sunan tsuntsun. Sannan a kwashe komai zuwa littafi ko kwamfuta a ranar, kafin a kwanta. Na gwada manhajojin da ke mayar da magana rubutu ko za su ɗauke mini wannan zaman, amma da sun iso kan "kirinjijiya" sai su rubuta abin da su ma ba su san shi ba, gyaran ya fi rubutun wahala. Wanda ya san halinsa, ya san ba zai yi zaman daren nan ba, ya bar kuɗinsa a aljihu. Rikoda za ta zame masa rumbun da ake zubawa ba a ɗiba.

Wayar da ke hannunka

Kowace Tecno ko Infinix ko Samsung tana da abin ɗaukar murya, don haka tambayar da ya kamata a fara yi ita ce me rikoda za ta ƙara maka. Waya ta fi littafi da rikoda a abu ɗaya da ba ƙarami ba: ta san inda kake, ta san lokaci, kuma ba ta mantuwa. Shirin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda APLORI, cibiyar binciken tsuntsaye ta Jos, ke jagoranta tun 2015, da manhajar BirdLasser ake yinsa. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 a tsaye 9 a kwance, mai kallo ya yi aƙalla awa 2 a ciki, cikin kwanakin da ba su wuce 5 ba, yana shigar da tsuntsaye bi da bi yadda ya gan su. Kana danna suna, wayar na manna masa wurin da kake tsaye, ko da babu sabis. Manhajar eBird ta jami'ar Cornell da ke Amurka, shirin da aka fara a 2002, ita ma jeri take karɓa da wuri da lokaci. In burinka jerin sunaye ne da zai shiga rumbun da masu bincike ke ɗiba, waya ta gama magana, kuma babu bashin dare.

Amma ita ma ido take ci, har ta fi littafi. Ka buɗe ta, ka nemo manhaja, ka kare fuskarta daga rana da tafin hannu. Da zafin Maris da Afrilu, haske a ƙure, GPS a kunne, caji zuba yake yi, in kuma an kwana biyu babu wuta to da rabin caji ka fito tun farko. Ƙaramar rikoda kuwa takan yi fita da yawa a kan batura biyu, in sun mutu ko a teburin ƙauye ka samu wasu. Kira na shigowa yakan yanke ɗauka, shi ya sa nake sa wayar a yanayin jirgin sama, GPS ɗin na ci gaba da aikinsa. Ga kuma jarabar da ba a cika faɗa ba: ka ciro waya don ka shigar da hasbiya, ka farga kana amsa gaisuwar suna a WhatsApp, hasbiyar ta daɗe da tafiya.

In kukan tsuntsun kake so

An ce gani ya kori ji, amma a wannan harka ji ne ke yawan korar gani. Akwai wasu 'yan ƙananan tsuntsayen ciyawa masu launin ƙasa, dangin da masana ke kira sistikola, iri-iri ne a ƙasar nan, kuma a ido kamar an tsaga kara. Da kuka ake raba su. A nan karin maganar nan ta kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi ta zama ilimi tsagwaro. Kazar dutse sai ka sha hayaniyarta da asuba daga cikin duwatsu ba ka ga ko gashinta ba. Yautai, mujiya, kwaɗin damina, jemagun da ke cika itatuwan Samaru, duk aikin kunne ne.

A nan ƙaramar rikoda ke fara gazawa, kuma ba don ta lalace ba. Yawancinsu a MP3 suke fitowa daga kwali, MP3 kuwa matse sauti yake yi, ya zubar da abin da ya ga kunne ba zai yi kewarsa ba. Suna kuma daidaita ƙarfin sauti da kansu: tsuntsu na yin shiru sai su ɗaga hucin daji sama, yana fasa kuka sai su danne shi. Ga matatar hayaniya da aka yi domin ɗakin taro. A ma'aunin kauri da sirantar sauti, yawancin kukan tsuntsaye yana tsakanin kilohaz 1 da 8, na kurciya da ragon maza da mujiya kuwa mai kauri ne, ƙasa da kilohaz 1, don haka matatar da ta san muryar mutum kaɗai takan yi wa abin aski gaba da baya. In taka tana da zaɓin WAV, tsarin da ba ya matse sauti, wanda wasu ke rubutawa LPCM, koma can, ka kashe duk matatun. Wadda na ambata ta Sony tana da shi, kuma ga tsuntsun da ke kusa ba laifi.

Mataki na gaba su ne irin Zoom H1n da Tascam DR-05X. Waɗannan domin sauti aka yi su: suna ɗaukar WAV mai bit 24, kai ne ke juya ƙarfin ɗauka da hannunka, kuma suna da ramin da za a soka makirfo na waje. A saitin ingancin ɗauka, kilohaz 48 ya wadatar ga tsuntsaye. Sai dai fayilolin na da nauyi, kusan mega 17 a minti ɗaya in ta kunne biyu ce, wato kusan giga ɗaya a awa, alhali MP3 na yau da kullum bai wuce mega ɗaya a minti ba. Suna ɗaukar 'yan daƙiƙoƙi kafin su farka in an kunna, suna cin batir fiye da ƙananan, kuma suna jin komai, har motsin yatsanka a jikin robar da ƙugin cikinka in ba ka karya ba. Domin rubutu da baki kaɗai sun yi yawa. Amma suna iya aiki biyun a fayil ɗaya, kuma haka masu abin ke yi: ka bar tsuntsun ya gama, sannan ka faɗi sunansa, wuri, lokaci, nisansa, da ko ka gan shi da ido ko ji kawai ka yi.

Babban abokin gaba iska ce. Na taɓa hawa gefen Kufena cikin hunturu tun kafin gari ya waye, na samu kazar dutse sun buɗe maƙoshi kamar an biya su, na ɗauki minti biyar ina murna. A gida abin da na tarar shi ne "buuu, buuu" kamar ana kaɗa tabarma a kunnena. Ɗan soson da ake sa wa makirfo ba ya tare iskar arewa maso gabas. Sai hular nan mai gashi buzu-buzu, kuma duk wanda zai sayi irin wannan rikoda ya sa kuɗin hular a lissafi tun farko. Kafin ka samu, ka juya wa iska baya jikinka ya zama katanga, ko ka laɓe a bayan dutse. Safa mai kauri ma tana ɗan ragewa.

Na biyu nisa. Duk sa'ad da ka rage rabin tazarar da ke tsakaninka da tsuntsu, ƙarfin kukansa a makirfo na ƙaruwa da kusan desibel 6, hayaniyar gari kuwa tana nan inda take. Taku goma a hankali sun fi maka sabuwar na'ura. Dogon makirfon nan mai kama da sanda ba jawo sauti yake yi ba, na gefe yake ragewa. Makirfo mai faranti irin na satalayit shi ne ke tara sauti da gaske, amma ga tsada, ga girma, ga jan idon jama'a.

Na uku garin kansa. Zariya ba ta shiru. Da rani injinan ban ruwa na kunne a fadamun Galma da Kubanni, manyan motoci na gurnani a hanyar Kano da ta Sakkwato, ga babura, ga injin niƙa, ga ƙananan jiragen koyon tuƙi da ke shawagi a sama in rana ta ɗaga. Lokacin da na fi samun tsabtataccen sauti shi ne daga idar da sallar asuba, lasifikoki sun yi shiru, zuwa wajen ƙarfe bakwai, musamman ranar Lahadi. Dama shi ne lokacin da tsuntsayen suka fi kuka, balle farkon damina da ake neman aure a kowane reshe.

Ita waya fa? Ta fi yadda ake raina ta. Makirfonta yawanci a gindi yake, don haka gindin za ka nuna wa tsuntsu, ka miƙe hannu, ka daina motsi. Manhajar Merlin tana ajiye abin da ta ɗauka a WAV, kuma tun 2021 tana ƙoƙarin faɗin sunan mai kukan. Manhajar BirdNET ma tana ƙoƙarin faɗin sunan. Sai dai an fi horar da su da tsuntsayen Amurka da Turai, don haka abin da suka faɗa a bayan Bomo shawara ce, a bincika kafin a rubuta. In za ka tura wa wani masani, kada ka tura ta hanyar saƙon murya na WhatsApp, matse shi zai yi. Tura fayil ɗin a matsayin takarda. Manhajar Audacity ta kwamfuta kyauta ce, tana zana hoton sauti, ka ga kukan da idonka ka gwada shi da na rumbun xeno-canto, wanda aka buɗe a 2005. Tsuntsayenmu ba su kai na Turai yawan fayil a can ba, don haka kyakkyawar ɗauka daga Shika ko Basawa tana da inda za ta yi amfani. Abu ɗaya da ba na yi shi ne kunna wa tsuntsu kukansa don ya fito, musamman lokacin sheƙa. Yana barin ƙwai ya zo faɗa da abokin gabar da babu shi.

Duk wadda ka zaɓa, akwai abin da kwalinta ba zai gaya maka ba. A wannan zamani baƙon mutum a bayan gari, da madubin hangen nesa a wuya, yana raɗa cikin wata 'yar na'ura, ba kowa zai ɗauke shi mai son tsuntsaye ba. Dattijon Dakace dariya ya yi, wani kuwa 'yan sintiri zai kira, kuma ba za ka ga laifinsa ba. A fara gaida mai unguwa, a faɗi abin da ya kawo mutum, a riƙe katin shaida, in da hali a tafi da ɗan gari. Kusa da barikin soja da filin jirgi kuwa a mayar da komai jaka. A wannan fuskar littafi ya fi kowa kwanciyar hankali, ƙaramar rikoda ta bi masa tunda a aljihu take, mai faranti kuwa shi ne na ƙarshe. Sheƙar ungulu ko inda kanari ke taruwa, wannan a bar shi a littafi, kada a baza wurin a intanet, domin ba masu kallo kaɗai ke karantawa ba.

Wajen saye, rikodar da wani ya taɓa amfani da ita ba laifi, amma kada a yi sayen kifi a ruwa: a sa batir a gaban mai kaya, a ɗauka, a saurara da abin kunne, a buɗe gidan batir a duba ko ya yi tsatsa. Katin memori ma a yi hattara. Na taɓa sayen wani a wani ɗan shago, jikinsa na faɗin abu ɗaya cikinsa na ɗaukar wani, ya yi ta karɓar fayil yana haɗiyewa. Ita H1n ba ta ma karɓar katin da ya wuce giga 32, kuma wannan ɗin ya ishe ka fita da yawa. Da damina a ajiye na'ura a leda mai zif, in za ta daɗe ba a taɓa ba a cire mata batura.

Ga yadda na raba wa ƙanen nawa. Mai farawa, wanda bai gama sanin hasbiya da kurciya ba, littafi da fensir da wayar da yake da ita sun ishe shi, kuɗin kuma ya tara ya sayi madubin hangen nesa mai kyau, shi ne gaba da komai. Mai son jerinsa ya shiga taswirar ƙasa, waya da fawabank. Mai ƙirga garke a dam, ko mai zama yana bin halin dabba guda minti bayan minti, ko mai fitar dare, ko mai tattara sunaye daga bakin dattawa, shi ne ƙaramar rikoda za ta biya wa kuɗin sabulu, muddin zai yi zaman kwashewa. Wanda aikinsa ya rataya a kan kuka kuwa ya tsallake ƙaramar, ya haƙura har kuɗinsa su kai mai WAV da hularta, domin sayen ta tsakiya sayen sau biyu ne. Ni dai yanzu da uku nake fita: ƙaramar rikoda a aljihun hagu, littafi a na dama domin zane, waya a jaka tana riƙe mini hanya.

Da na tambaye shi ainihin abin da malaminsa ya ba shi, sai ya ce ƙirgar tsuntsayen ruwa ce a dam, sau biyu a mako, har zuwa faɗuwar ruwa. Na shiga ɗaki na ɗauko masa tsohuwar ƙaramar tawa, na ce ya riƙe ta mako biyu kafin ya taka Sabon Gari, da sharaɗin duk Juma'a zai kawo mini littafin da ya kwashe a ciki in gani. Juma'ar farko ya zo da shafi shida. Ta biyu ya zo da rikodar kawai, yana sosa ƙeya, wai jarrabawa ce ta tsare shi, fayil arba'in da ɗaya na jiransa.